ƊAN GILASHIN DA KE NUNA ƘWARIN AUDUGA

Manoma, kun sha zuwa wurin malamin gona kuna cewa, "Malam, wani ɗan ƙwaro ya faɗa mini gona." Ya ce, "Wane iri?" Ku ce, "Wani ɗan mitsitsi ne, kore-kore." To, ƙwari mitsi-mitsi kore-kore da ke zama a bayan ganyen auduga sun fi ɗaya, kuma ba magani guda ke kashe su duka ba. Waɗansunsu ma ba abokan gaba ba ne, taimakonku suke yi. In malam bai gani da idonsa ba sai ya yi ta cinke, ku kuwa ku sayi magani a kan cinke. Kuɗi ya tafi, ƙwaro yana nan.

Yau da wuya a sami ƙauyen da babu wayar hannu mai ɗaukar hoto, watau salula. Sai dai in kun matsa da ita kusa da ƙwaro, hoton ya kan fito dishi-dishi, ba a gane kai ba a gane ƙafa. Akwai wani ɗan gilashi mai araha da ake maƙalawa a kan idon wayar, ko na kyamara, wanda ke gyara wannan. Shi za mu yi muku bayani a wannan takarda, yadda yake aiki da yadda ake riƙe shi.

MENENE SHI?

Ba wani abin mamaki ba ne. Kun san tabaraun da tsofaffi ke sawa don karatu. Tsoho yana ganin raƙumi daga nesa sarai, amma in an miƙa masa wasiƙa sai ya yi ta ja da ita baya, domin idonsa ya daina kama abin da ke kusa. In ya sa tabarau sai baƙi ya fito. Idon kyamara ma haka yake. An yi shi don ɗaukar mutane da gidaje da shanu. Yawancin wayoyi ba su iya kama abin da ya fi misalin santimita 8 ko 10 kusa da su. Ɗan gilashin nan tabarau ne aka sa wa kyamara. Tsakiyarsa ta fi gefensa kauri, saboda haka yana tanƙwara haske, ya sa ido ya kama abin da ke dab da shi. Da zarar an iya matsawa kusa, abin ya cika hoto.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A garin Delft na ƙasar Holan an yi wani mai sayar da yadi, sunansa Antonie van Leeuwenhoek, wanda aka haifa a 1632. Da kansa ya riƙa yin ƴan gilasai ƙanana, ko wane guda ɗaya tak a cikin ɗan farantin ƙarfe. A 1674 ya duba ruwan tafki da irinsu, ya ga ƙananan halittu suna yawo a ciki waɗanda ba wanda ya taɓa ba da labarinsu. Ku ba ma sai kun kai nan ba. Ƙwaron da ke cin audugarku ya fi waɗancan girma nesa ba kusa ba.

LAMBAR DA KE JIKINSA

Wanda ake ɗaura wa babbar kyamara ya kan zo da lamba a gefensa: +1, +2, +4, ko +10. Wannan lamba ita ce ƙarfinsa, ana kiranta diyopta, kuma irinta ce ake rubutawa a jikin tabaraun karatu. Lissafinta ba wuya. Ku raba santimita 100 da lambar, abin da ya fito shi ne nisan da abu zai fito tar in an saita kyamara kamar za a ɗauki abu mai nisa. Watau +1 mita guda ke nan, +2 santimita 50, +4 santimita 25, +10 kuwa santimita 10. Lamba na hawa, kuna ƙara matsawa, abu na ƙara girma.

Ana iya haɗa biyu, ƙarfinsu ya taru. In an haɗa +2 da +4 sun zama +6, misalin santimita 17. A sa mai ƙarfin a ciki, kusa da idon kyamara. Amma kada a tara uku ko huɗu, don ko wane gilashi da aka ƙara yana rage tsabtar hoto.

Girman da abu zai yi kuma ya dangana ga idon kyamarar kanta. Ido mai milimita 50 da aka sa wa +10 zai zana ƙwaro da rabin girmansa a kan ɗan farantin da ke kama hoto a ciki. Ido mai milimita 100 da wannan gilashi ɗaya zai zana shi daidai girmansa. Sa'an nan in aka buɗe hoton a fuskar kwamfuta ko waya sai ƙwaron ya zama ƙato. Mai sayen irin wannan ya duba faɗin bakin idon kyamararsa tukuna. A rubuce yake a jiki, 52 ko 58 ko 67, kuma in bai yi daidai ba gilashin ba zai ɗauru ba.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai gilashi ɗaya, shi ya fi araha. Tsakiyar hotonsa ta kan yi kyau, amma gefe-gefe ya yi taushi, kuma a bakin abu sai a ga wani zane shuɗi ko ja wanda babu shi a jikin abin. Akwai kuma wanda aka manna gilashi biyu ko uku don a kashe wannan aibi. Wani sananne daga cikinsu shi ne Raynox DCR-250, na Japan, mai ƙarfin +8, watau yana aiki a wajen santimita 12 da rabi, yana kuma kama bakin ido daga 52 har 67. Ya fi tsada, amma duk da haka bai kama ƙafar kuɗin idon kyamara na musamman da ake yi don ƙananan abubuwa ba. Ƙungiyar manoma da ke da kyamara guda, ko malamin gona, su wannan ya dace da su.

NA WAYA

Galibinku na waya za ku nema, don haka a nan za mu daɗe. Ya kan zo da ɗan maƙali kamar abin da ake matse tufafi da shi a igiyar shanya. A jikinsa ba diyopta ake rubutawa ba, sai 10x ko 15x ko fiye. A ƙa'ida gilashi mai 10x yana aiki a santimita 2 da rabi, watau ƙarfinsa +40 ke nan. Kada ku yi mamakin yawan lambar. Waya da kanta tana kaiwa santimita 10, saboda haka in kun ɗora mata tabaraun baba mai +2 ba za ta matsa ba sai zuwa wajen santimita 8, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Dole sai mai ƙarfi.

Amma fa kada ku gaskata lambar da ke kan kwali ƙwarai. Masu yin irin waɗannan ko wanne da yadda yake ƙidayarsa, sai ka ga mai 25x bai fi mai 10x ɗin wani ba. A ganinmu kuma mai 10x ko 15x ya ishi manomi. Wanda ya fi haka sai kun kusa taɓa ganye da shi kafin abu ya fito, ga inuwa, ga ƙwaro ya gudu. Ku gwada a wurin mai sayarwa tun ba ku biya ba. Ku maƙala shi, ku duba saƙar rigarku. In zare ya fito ɗaya-ɗaya har kuna iya ƙidayawa, ya yi.

Abu uku ke ruɗa mai fara aiki da shi. Na farko, sau da yawa ana sayar da shi a haɗe da wani gilashi mai faɗaɗa hoto, an murɗa ɗaya a kan ɗaya. Ku kwance na saman, na ƙasan shi ne namu. Mutane da yawa sun mai da kaya wurin mai kanti suna cewa ba ya aiki, alhali ba su kwance ba ne. Na biyu, wayoyin yanzu suna da ido biyu ko uku a baya. Ku buɗe kyamara, ku rufe idanun da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wanda hoto ya yi duhu da kuka rufe shi, a kansa za ku maƙala. Waɗansu wayoyin su kan sauya ido da kansu in an matsa kusa, sai ku ga hoto ya yi tsalle. In haka ta faru a nemi yaron da ya san wayar ya kashe wannan sauyi. Na uku, a cire rigar waya, don tana nisanta gilashi da ido, sai kusurwoyin hoto su yi baƙi. A kuma daidaita gilashin a tsakiyar ido sosai. In ya goce ko kaɗan, gefe ɗaya zai yi hazo.

YADDA AKE RIƘEWA

Ga inda aikin yake. Da kun maƙala gilashi, duk abin da ke nesa ya ɓace, sai hazo. Kada ku tsorata, haka yake. Ku matsa da wayar sannu-sannu zuwa ganyen. A wani wuri sai ku ga abu ya fito tar. In kun ƙara matsawa kamar kaurin tsinken ashana, ya sake ɓacewa. Wurin da hoto ke fita sarai siriri ne ainun, milimita ɗaya ko biyu, wani lokaci bai kai ba. Shi ya sa ake ganin hoton da kan ƙwaro ya fito amma bayansa ya narke.

Saboda haka ba wayar ce za ta nemo muku ƙwaro ba, ku ne za ku kai ta. Ku kama ganyen da hannun hagu. Ku riƙe waya da dama, ku jingina hannun daman a kan na hagu, yadda in ganye ya motsa waya ma ta motsa tare da shi. Ku ɗan ja baya, ku ɗan matsa, har ya fito, ku riƙe numfashi, ku danna. Kada ku tsaya a hoto ɗaya. Ku ɗauki goma, ku zaɓi guda, ku share sauran. Masu wannan sana'a ma haka suke yi, ba abin kunya ba ne.

Ku sa bayan wayar ya kwanta daidai da shimfiɗar ganye, kamar murfi a kan tukunya. In kun karkata, ɓangaren ƙwaro ɗaya ya fi ɗaya kusa, ɗayan ya ɓace. In bayansa ake so a gani, a ɗauka daga sama sak. In gefensa ne, a ɗauka daga gefe sak. Mai babbar kyamara yana da wata dabara kuma: ya ƙuntata ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11 ko f/16, wurin da ke fita zai ƙara kauri, sai dai zai bukaci haske mai yawa. Yawancin wayoyi ba su da wannan.

Kada ku yi ta jawo hoto da yatsu biyu don ya ƙara girma kafin ku ɗauka. A mafi yawan wayoyi wannan ba ya ƙara kome, buɗa abin da ke nan kawai yake yi. Ku ɗauka yadda yake, daga baya ku buɗa. Da gilashi mai 10x abin da ke shiga hoto bai fi faɗin santimita 2 ko 3 ba, ƙwaro mai milimita 3 zai ci wajen kashi ɗaya cikin goma na faɗin, kuma wannan ya isa a ga alamunsa.

Lokacin da ya fi shi ne da sassafe, bayan rana ta ɗan ɗaga, kafin iska ta tashi. Ƙwari ba su da kuzari in da sanyi, ganye kuma a tsaye yake. Rana tsaka ba ta da kyau, haskenta ya yi kaifi, jikin ƙwaro ya yi ta walƙiya, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Wayar kanta ma tana yi wa ganye inuwa tun da ta matsa dab da shi. Ku juya yadda haske zai shigo ta gefe. In gefe ɗaya ya yi duhu, wani ya riƙe farar takarda a wajen, ta mai da haske. Fitilar wayar da kuke ɗauka da ita ba ta da amfani a nan, maƙalin ya kan rufe ta, ko ta haska gefe. Gara wani ya haska da tasa wayar ta bayan farin ƙyalle. In iska ta hana ku, ku tsinke ganyen, ku kai shi inuwa mai haske, ku shimfiɗa a kan takarda. Ganye ɗaya ba hasara ba ne.

Kada ku fara koyo da abu mai tsalle. Ku fara a gida da ƙwayar gero, da gishiri, da gashin angurya, da ƙananan rubutun takardar kuɗi. In hannu ya faɗa, sai a shiga gona.

ABIN DA ZA KU GANI

Ku juya ganye, mafi yawan ɓarna a bayansa take. Ƙwarin darɓa su suka fi sauƙin ɗauka, don ba su gudu. Tsawonsu milimita 1 zuwa 2, a tare suke zama, waɗansu rawaya, waɗansu kore mai duhu har kusan baƙi. A cikin gilashi za ku ga ƴan ƙahoni biyu a ƙarshen bayansu, da su ake shaida su. Farin ƙuda bai wuce milimita ɗaya da kaɗan ba, yana tashi in an taɓa ganye, amma ƴaƴansa a manne suke, shimfiɗaɗɗu kamar ɓawon kifi. Su biyun nan su ke zubar da danƙon da ke ɓata farar auduga, ya rage mata daraja a wurin awo.

Ƙwan tsutsar da ke huda ƙwallon auduga, wadda masana ke kira Helicoverpa armigera, misalin rabin milimita ne. Uwar tana ajiye shi ɗaya-ɗaya a kan sababbin ganyen sama da kan fure tun bai buɗe ba. Da ido kamar ƙwayar ƙasa yake. A gilashi kuwa sai ku gan shi kamar ƴar kabewa mai zane daga sama zuwa ƙasa, fari-fari in sabo ne, yana yin duhu in ya kusa fashewa. Cikin zafi a kwana 3 ya kan ƙyanƙyashe. Wanda ya ga ƙwai ya riga tsutsa, don da zarar ta shige cikin ƙwallo magani ba ya samunta da sauƙi.

Sai wanda ya sa muka fi matsa muku da wannan magana, ɗan ƙwaron da malaman gona ke kira jasid. Tun da daɗewa akwai jasid a gonakinmu. Amma a daminar 2022 wani baƙo daga nahiyar Asiya, mai suna Amrasca biguttula, ya yi mummunar ɓarna a audugar Kwaddibuwa da Mali da Burkina Faso da maƙwabtansu, har amfanin shekarar ya faɗi ƙwarai. Yana tsotse ruwan ganye, bakin ganye ya yi rawaya, ya koma ja, ya nannaɗe, ya bushe kamar an babbaka. Yana cin kuɓewa da yalo da yakuwa ma. Tsawonsa wajen milimita 3 ne, kore mai haske, ƴaƴansa ba su da fiffike, in an taɓa su sai su yi tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Da ido ba ku raba shi da na gida. A gilashi kuwa, babban yana da ɗigo baƙi guda a kusa da ƙarshen ko wane fiffike, da ƴan ɗigo biyu a ka. Na kan wani lokaci ba su fita sosai, na fiffiken su ne abin dogara. Hoton da ya nuna ɗigon nan ya fi dogon bayani, kuma shi zai sa malam ya san ko abin da ya shigo yankinku sabo ne. Tun da yana tsalle, ku rufa wa ganyen farar leda mai nuna ciki, ku tsinke, ku ɗaure, ku ajiye a wuri mai sanyi har ya lafa, sa'an nan ku zazzage shi a kan farar takarda.

Za ku kuma ga waɗanda bai kamata a kashe ba. Akwai ɗan ƙwaron nan mai kama da kifaffiyar ƙwarya, ja ko rawaya mai ɗigo baƙi. Shi kowa ya san shi, amma ɗansa kaɗan ne suka sani: baƙi-baƙi ne, dogo, mai tabo ruwan lemo, kamar ɗan kada. Mummuna ne, sai mutum ya ce shi ke cin gonar, alhali ƙwarin darɓa yake ci dare da rana. In kun ga ƙwai rawaya a tsaitsaye wuri ɗaya kusa da darɓa, nasu ne. In kuma kun ga ɗan ƙwai a kan wani siririn zare kamar an soka shi a tsinin gashi, na wani mai cin darɓa ne shi ma. In kun ga ƙwaron darɓa ya kumbura ya bushe ya zama ruwan ƙasa, wani ɗan zanzaro ne ya yi ƙwai a cikinsa. Gonar da irin waɗannan suka yi yawa tana da masu gadi, fesa magani ba bisa shawara ba ya kan kashe su ya bar ɓarayin.

AIKA WA MALAM

Hoton kusa shi kaɗai ba ya isa. Yana faɗin wane ne, ba ya faɗin nawa ne. Ku ɗauki uku: ɗaya na gonar daga nesa, ɗaya na tushen auduga ko ganyen da ya lalace, waɗannan ba gilashi, sa'an nan na ƙwaron da gilashi. A na ukun ku ajiye kan ashana ko bakin abin awo a gefe, don a san girmansa, in ba haka ba ɗan mitsitsi ya kan zama kamar fara. Ku faɗi sunan ƙauye, da ranar da kuka ɗauka, da ranar shuka, da tushe nawa kuka duba, da nawa kuka sami ƙwaron a kai, da maganin da kuka fesa na ƙarshe. Ko za a yi feshi ko ba za a yi ba, da irin maganin, wannan ku bar wa malamin gona.

In ta WhatsApp za ku aika, ku sani yana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, ɗigon fiffike na iya ɓacewa a hanya. Ku yanke hoton tukuna ya zama ƙwaron ne ya cika shi, ko ku taɓa alamar HD kafin ku aika.

Kada ku shiga gonar da aka yi wa feshi yau don ɗaukar hoto. Wannan aiki yana sa fuska da hannu su manne da ganye. Ku jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani, in kun fito kuma ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci abinci.

KULA DA SHI

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabansa, balle da hunturu. Kada ku goge shi da bakin riga yana da ƙura, yashi zai karce shi, da yawansu ma roba ce ba gilashi ba. Ku hure tukuna, sa'an nan ku shafa da ƙyalle mai laushi mai tsabta. Idon wayar ma a goge shi, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa hoto hazo. Kada a bar shi a rana, kada kuma yara su dubi rana ta cikinsa, don yana tara haske wuri ɗaya har ya ƙona takarda, ido kuwa ya fi takarda taushi. In an gama a mai da murfinsa, a sa shi cikin kwalin ashana ko ƴar jaka, a ajiye inda ba ya gogar makulli ko kuɗin ƙarfe.